Yadda Ake Bin Sawun Dafin Bakteriya Mai Fasa Jini a Ɗakin Gwaji

Ɗauko farantin agar jini, wato daskararren abincin renon bakteriya da aka gauraya da jini, wanda ya kwana a inkubeta, akwatin ɗumin reno, ka ɗaga shi ta wajen taga, ka sa takardar jarida a bayansa. In ka iya karanta rubutun jaridar ta cikin da'irar da ta kewaye abin da ya tsiro, to bakteriyar ta zubo wani abu da ya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin wurin har ja ya gushe. Wannan abin shi ne hemolisin, wato dafi mai fasa jini. Sai dai da'irar sawu ce kawai, kuma sawu yakan ruɗi mai bi. Yawancin sakamakon da ke fitowa a karkace a irin wannan aiki daga jinin da aka zuba matsalar take, ba daga bakteriyar ba. Saboda haka daga jini za mu faro.

Jinin rago, ba na ma'ajiyar asibiti ba

An saba a ɗakunan gwaji da yawa a karɓo ledar jinin mutum da wa'adinta ya ƙare a ma'ajiyar jini a zuba a agar. Araha ce, amma ba ta ado. A cikin ledar akwai sitiret da aka sa don hana daskarewa, kuma yana danne tsirowar wasu ƙwayoyin. Akwai gulukos, wanda bakteriya ke mayarwa asid ya ɓata kamannin da'irar. Mai jinin kuma wataƙila yana ɗauke da antibodin da ke kashe kaifin dafin, ko ragowar maganin da ya sha kafin ya bayar. Ga wata kuma: Haemophilus haemolyticus, wadda ke zaune lafiya a maƙogwaron mutane, tana tsirowa a jinin mutum da na doki ta yi da'ira fes kamar Streptococcus pyogenes, alhali a jinin rago da ƙyar take ɗagowa. Wasu Enterococcus ma suna fasa jinin mutum su bar na rago. Ɗalibin da ya yi aiki da jinin leda zai ƙirga abin da babu.

A Sakkwato kuwa ba mu da uzuri. Uda da Balami cike suke da Kasuwar Kara, kuma Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da tsangayar likitancin dabbobi. Abin da ya fi shi ne a keɓe rago ɗaya ko biyu don wannan aiki kaɗai, a ba su maganin tsutsar ciki, kada a yi musu allurar antibayotik gab da ɗiba. Likitan dabbobi ya duba kaurin jininsu, musamman da damina lokacin da tsutsa ke tsotse su. Kaurin jinin tunkiya mai lafiya yana tsakanin kashi 27 zuwa 45 cikin ɗari. A kuma yi musu gwajin bakkale, domin Brucella na iya bin jini ta kama mai aikin. Jinin da ake tara a kwano a mayanka ba ya yi, ya riga ya gauraye da gashi da ƙura.

Ana ɗiba ne daga jijiyar wuya. A aske wurin, a goge da ayodin sannan barasar kashi 70, a sa allura mai lamba 16 ko 18. Kada a wuce mililita 6 a kowane kilo na nauyin dabbar, wato ragon kilo 40 ba za a ɗebi fiye da 240 ba, sannan a bar shi ya huta mako huɗu. Jinin ya zuba kai tsaye cikin kwalbar da aka dafa da 'yan duwatsun gilas a ciki. A riƙa juya kwalbar a hankali, kamar mai jujjuya ƙwaryar fura don kada ta kwanta, minti biyar zuwa goma, har fibirin, sinadarin da ke daskarar da jini, ya nannaɗe duwatsun kamar zare. Wanda ya girgiza da ƙarfi har kumfa ya taso ya fasa jinin da hannunsa tun bakteriya ba ta gan shi ba.

Sai ɗaukowa. A watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, kwalbar jini a bayan kabu-kabu ba ta jure rabin awa a rana. A sa ta a kula, amma a naɗe ta da tawul kada ta taɓa ƙanƙara, domin daskarewa ma fasa ƙwayoyin take yi. A ajiye a firij tsakanin digiri 2 da 8. Na faranti a yi amfani da shi cikin mako biyu, na gwajin kwalabe kuwa kada ya wuce mako guda.

Haɗawa da zubawa

Garin agar da aka fi samu ana auna giram 40 ne a litar ruwan da aka tace da tururi, amma a karanta jikin gwangwanin, domin kamfani da kamfani sukan ɗan saɓa. A dafa a otokilef, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta, a digiri 121 na minti 15. Wurin da ake yawan faɗuwa shi ne sanyayawa. Ana so ya sauko tsakanin digiri 45 da 50 kafin jini ya shiga. In ya fi haka zafi, jinin zai dafu ya koma ruwan ƙasa, ka yi agar cakulan ba da niyya ba, kuma ba a karanta fashewar jini a kansa. In ya sauka kusa da 40, zai fara gudaji. Bahon ruwan ɗumi da aka tsayar a 48 shi ne maganin wannan. Gwadawa da bayan hannu dabarar dole ce, kuma hannun da ya saba da zafin Sakkwato ba abin dogaro ba ne.

Jinin ma a fito da shi daga firij ya ɗan yi ɗumi tukuna, in ba haka ba agar zai daskare a inda ya sauka ya yi ɗigo-ɗigo. Mililita 50 a kowace lita, wato kashi 5 cikin ɗari. A juya a hankali, a zuba kimanin mililita 25 a kowane faranti mai faɗin milimita 90, kauri ya kai wajen milimita 4. Kaurin nan ba ado ba ne: faranti mai kauri yana ɓoye ƙaramar da'ira, siriri kuma yana sa kore ya yi kama da fes. In kumfa ya hau, a wuce da harshen wutar bansin ta kansa sau ɗaya da sauri.

A kashe fanka, a rufe taga. Da hunturu ƙurar da ke shigowa cike take da ƙwayayen Bacillus, kuma da yawansu gwanayen fasa jini ne. Guda ɗaya ta faɗa, da safe ta cinye kwatan faranti. A cikin kowane faranti 20 a ware ɗaya ya kwana a inkubeta ba a shuka masa komai ba. In wani abu ya tsiro, duk zubin abin zargi ne. Sauran a kife su, a ɗaure a leda, a sa firij, don busasshiyar iska tana tsattsaga agar cikin 'yan kwanaki.

Shuka da karatu

A ja layi da wayar shuka har sai an sami ɗaiɗaikun koloni, wato ɗigon tarin bakteriya da ya tsiro shi kaɗai, domin a inda suka cunkushe ba a gane komai. Sannan a soka wayar cikin agar sau biyu ko uku. Dalilin sukar shi ne S. pyogenes dafi biyu take da su. Sitireftolisin S ba ya tsoron iska, shi ke yin da'irar da ake gani a sama. Sitireftolisin O kuwa iskar oksijin na kashe masa kaifi, sai a ƙarƙashin agar yake nuna kansa. Akwai nau'o'in da S ɗinsu ke da rauni, kuma wanda bai soka ba zai wuce su. A sa a digiri 35 zuwa 37 na awa 18 zuwa 24. In babu inkubeta mai iskar kabon, gwangwani mai murfi da kyandir a ciki yana ba da wajen kashi 3 cikin ɗari, ya wadatar.

Abin lura da bazara: inkubeta ɗumamawa take yi, ba ta sanyayawa. In ɗakin ya kai digiri 42, allonta na iya cewa an saita 37 amma cikinta ya bi ɗakin. A ajiye ma'aunin zafi a ciki, a rubuta abin da ya nuna safe da yamma, haka ma duk daren da aka ɗauke wuta.

Rabe-raben da ake amfani da su har yau James Howard Brown ne ya tsara su a 1919, bayan Hugo Schottmüller ya fara bambance streptococci a agar jini a 1903. Beta ita ce da'ira fes wadda ake karanta jarida ta cikinta. Gama ita ce babu wani sauyi. Alfa, mai launin kore-kore, ita ce mai yaudara, domin sau da yawa ba aikin dafi ba ce sam: haidirojin feroksaid da bakteriyar ke fitarwa ne ke sauya hemogulobin, ƙwayoyin jinin kuwa suna nan da jikinsu in ka duba da madubin ƙara girma. Streptococcus pneumoniae ta isa misali. A iska kore take yi, alhali tana da dafi na gaske, numolisin, a ƙulle a cikinta. In aka rene ta inda babu oksijin sai ta yi da'ira fes. Kada a duba faranti daga sama a kan tebur, a ɗaga shi haske ya biyo ta bayansa. Listeria monocytogenes da Streptococcus agalactiae da'irarsu siririya ce ƙwarai, wani lokaci sai an ture kolonin gefe da waya a ga fes ɗin a ƙarƙashinsa. Clostridium perfringens kuwa da'ira biyu take yi, ta ciki fes, ta waje dishi-dishi, saboda dafi biyu ne ke aiki, kowanne da nisan tafiyarsa.

In za a yi gwajin katales, wanda ake ɗiga haidirojin feroksaid a ga ko kumfa zai taso, don raba Staphylococcus da Streptococcus, a ɗebi saman koloni kawai. Jajayen ƙwayoyin jini suna da nasu katales, ɗan gutsuren agar ya isa ya tayar da kumfar ƙarya.

Kowane sabon zubi a gwada shi da sanannun nau'o'i masu lambar ATCC, ma'ajiyar nau'o'in ƙwayoyin gwaji: S. pyogenes ATCC 19615 don beta, S. pneumoniae ATCC 49619 don alfa, Enterococcus faecalis ATCC 29212 don gama. In waɗannan ba su nuna halinsu ba, farantin ne bai yi ba.

Gwajin kan kibiya

Wannan gwaji, da ake kira CAMP daga sunayen Christie da Atkins da Munch-Petersen waɗanda suka bayyana shi a Ostireliya a 1944, shi ya fi kowanne nuna yadda dafi biyu ke haɗa hannu. A ja layin Staphylococcus aureus ATCC 25923 a tsakiyar faranti. A ja layin wadda ake tuhuma ta nufo shi a tsaye, ta tsaya saura milimita 2, kada su taɓa. Da safe, in S. agalactiae ce, za a ga fes mai siffar kan kibiya a mahaɗar. Dafin beta na S. aureus (sunan dafi ne, ba da'irar beta ba) enzayim ne da ke cin sifingomayelin, wani kitse na fatar ƙwayar jini, ya raunana ta bai fasa ba, sai furotin ɗin da S. agalactiae ta zubo ya ƙarasa. Fatar ƙwayar jinin rago da ta saniya tana da sifingomayelin da yawa, ta mutum da ta doki ba su kai ba, shi ya sa gwajin ba ya fitowa a kansu. Kada a rene shi inda babu iska, don a can wasu S. pyogenes ma sukan yi kibiyar.

Daga faranti zuwa kwalabe

Faranti yana cewa akwai ko babu. Mai son sanin ƙarfi sai ya koma kwalabe, kuma a nan haƙuri ya fi kayan aiki tsada.

A fara da wanke jinin. Ruwan wankin shi ne ruwan gishiri mai fosfet: a lita guda, giram 8 na sodiyam kulorayid, 0.2 na fotasiyam kulorayid, 1.44 na disodiyam fosfet, 0.24 na monofotasiyam fosfet, a daidaita pH a 7.4. A zuba jini kashi ɗaya, ruwa kashi tara, a juya a santirifij, na'urar da ke kwantar da ƙwayoyin a gindi, a ƙarfin g 500 zuwa 1000 na minti biyar, a zubar da ruwan sama. Sau uku, ko har ruwan ya fito garau. Ana wankin ne don a kori ruwan jini, wanda ke ɗauke da antibodi da kolestarol masu kama dafin kafin ya isa ga ƙwaya. In bayan wanki na huɗu ruwan na nan ja-ja, jinin ya tsufa, a zubar. Daga abin da ya kwanta a ɗebi mililita 2 a cika zuwa 100, an sami kashi 2 cikin ɗari ke nan.

Ita kuma bakteriyar a rene ta a romon gwaji, a juya a santirifij, a tace ruwan saman da matata mai huda maikiromita 0.22 don kada ƙwaya mai rai ta biyo. Lokacin ɗiba yana da muhimmanci kuma ya bambanta. S. aureus tana zubo dafin alfa ne bayan ta cika romon. Escherichia coli mai kawo ciwon mafitsara kuwa tana zubo nata tun tana tsakiyar yaɗuwa, kuma yana saurin lalacewa. Wanda ya jira har washegari zai tarar da wayam. A ajiye ruwan a kan ƙanƙara a yi gwajin ranar.

A jera kwalabe takwas, kowacce da rabin mililita na ruwan gishirin. A zuba rabin mililita na tataccen ruwan a ta farko, a gauraya, a ɗebi rabi zuwa ta biyu, haka har ta takwas, a zubar da rabin ƙarshe. An sami 1:2 har 1:256. A sauya bakin fifet, bututun ɗiban ruwa, a kowane mataki, in ba haka ba ragowar da ke manne tana bin layi ta kumbura sakamakon. Kowace kwalba a ƙara mata rabin mililita na jinin.

Sai kwalaben shaida guda uku, waɗanda in babu su aikin duka zance ne. Ta farko jini da ruwan gishiri kawai. Ta biyu jini da romon da ba a shuka wa komai ba, domin wani romon da kansa yana taɓa jini ko ya ƙara launi. Ta uku jini da sabulun gwaji Triton X-100 kashi 1 cikin ɗari, ko tataccen ruwa zalla, wadda za ta fasa komai ta zama ma'aunin ɗari bisa ɗari. A sa duka a digiri 37 na awa ɗaya, a juya a santirifij, a ɗaga a duba. Inda dafi ya yi aiki ruwan ya zama ja garau kamar zoɓon da aka tsinka, ƙasan babu komai. Inda bai yi ba, ruwan fari ne, ga ɗan jan maɓalli kwance a gindi.

A auna ruwan saman a kalorimita, na'urar auna launi, a nanomita 540. Lissafin: a cire adadin shaidar farko daga na samfur, a raba da abin da ya rage in an cire shi daga na shaidar Triton, a ninka da 100. A ce shaidar farko ta ba da 0.05, ta Triton 1.25, samfur 0.65, 0.60 a raba da 1.20, kashi 50 ke nan. Tsinkin da ya fasa rabin jinin shi ake bayarwa a matsayin ƙarfi: in 1:32 ne, a ce ma'auni 32. A rubuta ko an lissafa da jinin da aka ƙara ko ba a lissafa ba, don wannan kaɗai yana ninka amsa biyu. A maimaita sau uku a ranaku daban. In shaidar farko ta haura kashi 5 na ta Triton, a duba ruwan gishirin, ko ragowar sabulu a kwalabe. Omo da ba a ɗauraye da kyau ba ya sha zama sabon dafi a rahoton ɗalibai.

Wane irin dafi ne?

Dafin nan gida biyu ne manya: masu huda fatar ƙwaya da masu narkar da kitsenta. Mai huda yana buɗe kafa, gishiri ya shiga, ruwa ya bi shi, ƙwayar ta kumbura ta fashe. Dafin alfa na S. aureus guda bakwai ne ke haɗuwa su yi zobe mai kafar da ba ta kai nanomita 2 ba. An fitar da hoton ginin nasa a 1996. Sitireftolisin O da danginsa kuwa kafarsu ta kai nanomita 25 zuwa 30. Ba sai da manyan na'urori ake fara rarrabe su ba. A raba tataccen ruwan gida-gida, kowane kaso a yi masa abu ɗaya, a sake gwajin kwalabe.

Kason da aka gauraya da ɗan kolestarol, in ƙarfinsa ya mutu, dangin sitireftolisin O ne, domin kolestarol suke kamawa a fatar ƙwaya. Irin waɗannan in sun sha iska sun yi sanyi, sistin ko DTT na farfaɗo da su. Kason da aka sa wa EDTA, sinadari mai kame ƙarfe, ya mutu yana buƙatar ƙarfe: na E. coli kalsiyam, beta na S. aureus magniziyam. A nan a kula, fosfet yana kwantar da kalsiyam, don haka gwajin E. coli a yi shi a ruwan gishiri mai Tris da kalsiyam kulorayid milimola 10. Kason da aka bari awa ɗaya a 37 ba a ga komai ba, sai bayan ya kwana a firij jinin ya fashe, wannan halin dafin beta ne, ana ce masa zafi-da-sanyi. Ana yawan ganinsa a S. aureus da aka samo daga hantsar saniya mai ciwo. A na mutane sau da yawa wani bairos ya shiga tsakiyar ƙwayar halittar ya kashe ta. Sauya jinin ma gwaji ne: na zomo ya fi kowanne jin dafin alfa, na mutum yana da taurin kai a kansa.

In tataccen ruwa bai fasa komai ba alhali faranti ya nuna beta, kada a rubuta babu dafi. Sitireftolisin S da na S. agalactiae manne suke da jikin bakteriyar, matata ta tare su tare da ita.

Mai halin PCR, gwajin gano ƙwayoyin halitta, zai iya neman na dafin: hla da hlb a S. aureus, slo da sagA a S. pyogenes, hlyA a E. coli. Samun ƙwayar halitta yana nuna bakteriyar na da girkin a rubuce ne, ba ya nuna ta ɗora tukunya. A haɗa shi da kwalabe.

A ɓangaren asibiti ana bin sawun ta jinin majiyyaci. Gwajin ASO, wanda Todd ya kawo a 1932, yana auna antibodin da jiki ya yi wa sitireftolisin O. Na ƙwayoyin roba (latex) da ake yi a kan kati yana kamawa daga IU 200 a mililita. Yakan fara hawa mako guda bayan ciwon maƙogwaro ya kai ƙololuwa a mako na uku zuwa na biyar, saboda haka awo biyu da tazarar mako biyu sun fi awo ɗaya faɗin gaskiya. Bayan ƙurajen fata kuwa ba ya hawa sosai.

Duk wannan aikin ɗakin gwaji ne mai matakin kariya na biyu, ƙarƙashin mai kula: safar hannu, rigar aiki, babu zuƙar fifet da baki, kuma komai ya bi ta otokilef kafin ya fita. Mai juna biyu kada ta taɓa Listeria. In samfur ya fito daga dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, ko daga fata da ƙirgi, aka ga manyan koloni masu launin toka da kaushi, na Bacillus, kuma babu ko alamar da'ira, wannan rashin fasawar shi ne abin tsoro. Bacillus cereus tana fasa jini, Bacillus anthracis mai kawo cutar saifa ba ta fasawa. A rufe farantin, a naɗe bakinsa da salatif, kada a sake shuka shi, a sanar da shugaban ɗakin da hukumar lafiyar dabbobi nan take.